Wane ruwa ake gina wa jinga? Amsoshin tambayoyinku kan madatsai da katangun teku

Wasiƙun da suka taru a wannan fili tun bayan damina kusan duk a kan magana ɗaya suke, wato yadda ake tsayar da ƙa'idar gina abin da zai tare ruwa, ko na kogi ko na teku. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam Injiniya. Ni dattijo ne mazaunin Gwange a Maiduguri. Ruwan 1994 a gidan nan ya same ni, haka ma na Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, har sai da jikokina suka fitar da ni a kafaɗa. Nakan ji irinku a rediyo kuna cewa ana gina madatsa ko jinga don ta tare "ruwan shekara ɗari". To ni ban kai ɗari ba, ga shi na ga biyu. Lissafin ne ba daidai ba, ko mu ne ba mu fahimce ku ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Baba. Allah ya mayar muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Rashin fahimtar daga wurinmu ya fito, domin mu muka zaɓi kalmar da take sa mutum ya ɗauka ruwa yana da kalanda. Abin da ake nufi da ruwan shekara 100 shi ne ambaliyar da yiwuwar zuwanta a kowace damina ɗaya take kashi 1 cikin 100. A ɗauka an zuba ƙwayar wake 100 a ƙwarya, ɗaya daga ciki ja ce, kowace shekara a rufe ido a ɗauki ɗaya, a duba, a mayar da ita cikin ƙwaryar a gauraya. Fitowar jar ƙwayar bana ba ta hana ta fitowa baɗi, tunda an mayar da ita. Idan aka yi lissafi, wanda ya zauna shekara 30 a bakin kogi yana da yiwuwar kashi 26 cikin 100 ta ganin irin wannan ruwa aƙalla sau ɗaya, wanda ya yi shekara 50 kuwa kusan kashi 40. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne ga mai iyali da kaya.

Sai kuma tambayar da ke ƙarƙashin taku: wa ya ce shekara 100 za a ɗauka, ba 50 ko 1,000 ba? Wannan hukunci ne na al'umma da gwamnatinta kafin ya zama aikin injiniya, kuma ƙasar da ta fi kowa bayyana shi a fili ita ce Holan. Shekaru aru-aru al'adarsu ita ce duk lokacin da ruwa ya ci su, sai su duba inda ya tsaya, su ɗaga jinga ta ɗara wurin kaɗan. Tun a 1939 wani injiniyansu mai suna Wemelsfelder ya nuna cewa ruwan da ya fi kowane tsayi a tarihin da aka rubuta ba shi ne iyakar abin da teku za ta iya yi ba, amma maganar ba ta zama doka ba sai da masifa ta auku. A daren 31 ga Janairu zuwa wayewar 1 ga Fabrairun 1953, iska mai ƙarfi daga arewa maso yamma ta haɗu da babbar cikar teku, jingogi suka fashe a wurare da dama mutane suna barci, aka rasa rayuka 1,836. Cikin makonni kaɗan gwamnati ta kafa Kwamitin Delta, wanda ya nemi taimakon masanin lissafi David van Dantzig. Shi kuma ya auna abu biyu a sikeli guda: kuɗin da za a kashe wajen ƙara wa jinga tsayi, da asarar da za a yi idan ta fashe, haɗe da yiwuwar fashewar. Daga irin wannan awo aka tsayar da cewa yankin da ya fi yawan jama'a da dukiya, inda Rotterdam da Amsterdam suke, za a kare shi daga ruwan da yiwuwarsa take 1 cikin 10,000 a shekara. Yankin Zeeland 1 cikin 4,000. Daga baya aka sa wa bakin manyan koguna 1 cikin 1,250. A Hoek van Holland, wani gari a bakin teku kusa da Rotterdam, ruwan 1953 ya tsaya a mita 3.85 sama da matakin da ƙasar take auna tsayin ruwa daga gare shi, amma suka ɗauki mita 5 a matsayin ruwan da za a yi wa gini.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su tsaya nan ba. Daga 2017 dokarsu ta koma kan ran ɗan Adam kai tsaye: duk wanda yake zaune a bayan jinga, ko a birni ko a ƙauye, kada yiwuwar mutuwarsa ta dalilin ambaliya ta wuce 1 cikin 100,000 a shekara. A ganina wannan gyara ya zama dole, domin awon da ya dogara ga dukiya kaɗai yakan ba unguwar masu hali katanga mai tsayi, ya bar talaka da abin da ya samu.

Akwai kuma abin da ya shafe ku kai tsaye, Baba. Ruwan da ya zo saboda madatsa ta ɓalle ba a lissafa shi da ruwan da sama ta zubar kawai, domin abin da aka tara na watanni ne yake fita cikin sa'o'i. Saboda haka babbar madatsar da ke saman gari ba a yi mata awo da shekara 100 ko kaɗan. Mafitar rarar ruwanta akan yi ta ne don ruwan shekara 10,000, ko ma mafi girman ruwan da ake ganin yankin zai iya samu. Kuma ko da an yi awon daidai, gini yana iya faɗuwa a ƙarƙashin ruwan da bai kai wanda aka yi masa lissafi ba, wanda shi ne batun tambaya ta gaba.

Tambaya: Malam, mu manoman shinkafa ne a fadamar Haɗeja. Mun yi gayya mun ɗaga jingarmu, mun ƙara mata buhunan ƙasa, kuma ruwa bai taɓa hawa kanta ba, saura kusan kamu biyu. Amma cikin dare ta fashe daga ƙasa. Me muka yi ba daidai ba?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar da abin da aka rasa. Kun yi abin da ido yake gani, wato tsayi, alhali ruwa yana aikinsa a inda ido ba ya kai wa. Mita ɗaya ta ruwa tsawo da faɗi da zurfi nauyinta tan ɗaya ne, kuma turin da yake yi wa katanga ba ya ƙaruwa daidai da zurfinsa, ninkawa yake yi. Ruwa mai zurfin mita 1 yana tura kowace mita ta tsawon katanga da ƙarfin rabin tan. Idan ya kai mita 2 sai ya zama tan 2. A mita 4 kuwa tan 8. Ƙarfin da yake neman kifar da katangar ya fi haka saurin hawa, domin idan zurfi ya ninka sau biyu, shi sau takwas yake ninkawa. Duk buhun da kuka ɗora a sama kun ba kogi damar ƙara matsa wa gindin jingar ne, gindin kuma faɗinsa bai ƙaru ba.

Na taɓa tsayawa a bayan wata jinga da hantsi, kogi cike a ɗaya gefen, sai wani yaro ya nuna mini wani wuri a cikin gona, taku kamar goma daga gindin jingar, inda ruwa yake ɓuɓɓugowa kamar tukunya ta fara tafasa. Girmansa bai fi bakin ƙwarya ba, amma ya tara lallausan yashi a kewayensa kamar ƙaramin gidan tururuwa. Na tari ruwan a tafin hannuna, na ga gurɓatacce ne. Wannan ita ce alamar da duk mai jinga ya kamata ya sani. Idan ruwan da ke tsattsafowa garau yake, jingar tana zufa ne kawai, a sa mata ido. Idan kuwa yana ɗauke da yashi, to ƙasar da ke ƙarƙashin jingar ce yake kwashewa ƙwaya-ƙwaya, yana haƙa rami daga bayan jingar yana komawa wajen kogi, kuma ranar da ramin ya haɗe, jingar zama za ta yi a cikinsa. Mutanen wurin sun so su toshe bakin da laka, na hana su, domin idan aka toshe zai ɓullo a wani wuri. Abin da ake yi shi ne a kewaye shi da buhunan yashi kamar bakin rijiya, ruwa ya taru a ciki har nauyinsa ya rage wa na ƙasa ƙarfi, a ci gaba da ɗaga buhunan har ruwan da ke malala ta sama ya koma garau.

Kada ku ɗauka ƙarancin ilimi ne ya jawo muku, domin irin wannan ya ci birnin New Orleans na Amurka a ranar 29 ga Agustan 2005, lokacin guguwar Katrina. Katangun kankare na magudanar titin 17 da ta London Avenue sun faɗi ruwa bai kai bakinsu ba. A ta farko, ruwa ya ɗan tura katangar, tsaga ta buɗe tsakaninta da ƙasar da ke riƙe da ita, ruwa ya shiga tsagar ya tura komai gaba ɗaya a kan laka mai taushi wadda aka ɗauka ta fi haka ƙarfi. Rarar ƙarfin da aka bari a lissafi kaɗan ce, wato ƙarfin katangar ya ninka turin da aka zata za ta fuskanta sau 1.3 kawai. A ta biyu, yashin da ke ƙarƙashi ne ruwa ya bi, kamar dai yadda ya yi muku. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Da aka zo sake gini, an kashe dala biliyan 14 da ɗoriya, kuma a wurare masu haɗari an koma katanga mai faffaɗan gindi da ke zaune a kan turaku masu zurfi.

Ga abin da zan ba ku shawara a kai kafin damina mai zuwa. A haƙa rami a bi tsawon inda jingar za ta zauna, a wuce yashi har a tarar da laka idan tana kusa, a cika shi da yumɓu, sannan a ci gaba da wannan yumɓun a tsakiyar jingar har sama. A riƙa zuba ƙasar hawa-hawa, kowane hawa kada ya yi kauri, a yayyafa ruwa a daɓe shi sosai kafin a ƙara wani. Ƙasar da aka tula ba daɓe ba jinga ba ce, tudu ne kawai. A kwantar da gefunan, kowace mita ɗaya ta tsayi a ba ta kamar mita uku ta kwanciya, a dasa ciyawa mai riƙe ƙasa, amma ban da itace, saboda saiwarsa idan ta ruɓe hanya take bar wa ruwa. Kada a ɗebi ƙasar ginin daga gindin jingar ta ɓangaren gona. Da rani a bi ta taku-taku ana neman suri da ramin gafiya, a kuma duba duk inda aka ratsa ta da bututu ko kwalbati, don nan ne ruwa ya fi son bi. Sannan a sani cewa ranar da kogi ya janye da sauri ita ma ranar haɗari ce, domin jingar da ta sha ruwa ta ƙoshi takan zaftare ta gefen kogi idan abin da ke tokare da ita ya tafi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Obalende, Legas. Na ga katangar duwatsun da aka yi a inda Bar Beach take a da. Shin gina wa teku katanga daidai yake da gina wa kogi?

Amsa: Alhaji, ba daidai suke ba. Kogi yakan cika sau ɗaya ko biyu a shekara, teku kuwa tana cikowa tana janyewa sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da cika sa'a 12 da minti 25, kuma cikar ta fi girma a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen daren 14. A kan wannan ake ɗora tumbatsar da iska take haddasawa idan ta turo ruwa gaɓa, sannan tsayin da igiyar ruwa take hawa idan ta daki katanga, sannan ƙaruwar da teku take yi shekara da shekaru, sannan nutsewar da ƙasar da ginin kansa suke yi. Mai zane sai ya tara waɗannan duka, ya kuma tambayi kansa wanne da wanne ne za su iya haɗuwa a dare ɗaya, kamar yadda suka haɗu a 1953.

Igiyar ruwa duka take yi ba turi ba, shi ya sa ake tarbar ta da tulin duwatsu masu rata a tsakaninsu waɗanda za su shanye ƙarfinta. Nauyin dutsen da ake buƙata yana ninkawa sau takwas idan tsayin igiyar ya ninka sau biyu. Katangar da ka gani, ta Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka cike teku aka kafa, wadda aka tsara ta kai kilomita 8.5, an lulluɓe ta da curin kankare masu ƙahoni, kowanne tan 5, waɗanda suke sarƙe juna, kuma sai da aka gwada ƙaramin samfurinta a tafkin gwaji a Denmark kafin a gina. Zaizayar Bar Beach ita kanta darasi ce, domin ta samo asali ne daga dogayen shingayen dutse da aka gina a bakin tashar jiragen ruwan Legas a farkon ƙarnin da ya wuce, waɗanda suka tare yashin da teku take kawowa daga yamma. Duk katangar teku tana sauya tafiyar yashi, don haka wajibi ne a lissafa abin da za ta jawo wa maƙwabtan da ke gaba. Sai kuma gishiri, wanda yake ratsa kankare ya sa rodi tsatsa, rodin ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki. Maganinsa kankare mai ƙarancin ruwa da kuma lulluɓe rodi da kauri fiye da na ginin gida.

Inda jiragen ruwa suke wucewa ba a iya toshewa, sai a sa ƙofofi. Ta Kogin Thames a Landan, wadda ta fara aiki a 1982, faɗinta mita 520 ne da ƙofofi 10, manyan suna kwance a ƙasan kogi sai an buƙace su a juyo da su su miƙe. Ta Oosterschelde a Holan, da aka buɗe a 1986, ƙofofin ƙarfe 62 gare ta, kuma da farko rufaffiyar madatsa aka yi niyya, masunta da masu kare muhalli suka sa aka sauya. Ƙofa tana zuwa da ƙa'idar da jinga ba ta da ita: idan aka ce ta rufe, sau nawa za ta ƙi? Ga ƙofar Maeslant da ke tsare Rotterdam tun 1997, an rubuta cewa kada ƙin rufewarta ya wuce sau 1 cikin 100, shi ya sa ake gwada ta kowace shekara kafin lokacin guguwa. Haka kuma kowace rufewa tana cin ƙarfen da lokacin gyara; a hunturun 2013 zuwa 2014 kaɗai an rufe ta Thames sau 50. A Legas kuwa, yawancin ruwan da ke shiga shagunanku na sama ne da ya rasa mafita saboda lagun ta cika, kuma katangar teku ba ta maganin wannan sai an haɗa da magudanai masu murfin da ke hana ruwa komowa, da injinan zuƙe ruwa.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na karatun injiniyan gine-gine, kuma aikin bincikena a kan jingar kare gari ne. Me zai hana mu ɗauko ƙa'idojin Holan mu yi aiki da su kai tsaye?

Amsa: Malama, hanyar tunaninsu za ki ɗauko, alƙaluman kuwa dole su fito daga koginmu. Dubi Yamai. Kogin Kwara yana cika sau biyu a can: jan ruwa na Agusta da Satumba wanda rassa irin su Sirba da Gorouol da Dargol suke kawowa, da baƙin ruwa da yake isowa daga Gini wajen Disamba da Janairu. A da baƙin ruwan ne babba, amma da aka sare itatuwa ƙasa ta yi tauri ta daina shan ruwa, sai jan ruwan ya fi shi, ga kuma yashi da ke cike kogin yana ɗaga shi. A Satumbar 2020 ma'aunin Yamai ya kai santimita 700, alhali matakin jan gargaɗi 620 ne, ruwa ya karya jinga ya shiga unguwar Lamorde. Wanda ya yi lissafi da bayanan shekarun farin 1970 da 1980 kaɗai zai gina wa kogin da babu shi yanzu.

Abu na biyu da nake so ya fito a aikinki shi ne amsar wannan tambaya: idan ruwa ya fi abin da kika yi wa lissafi, yaya jingarki za ta kasance? Japan ta koyi wannan a ranar 11 ga Maris 2011, lokacin da tsunami ta haye shingen Kamaishi, wanda aka kammala a 2009 a ruwa mai zurfin mita 63, ta rushe yawancinsa. Bayan nan suka raba ƙa'idarsu gida biyu. Akwai ruwan da yake zuwa cikin gomman shekaru zuwa ɗari da 'yan kai, wanda katanga za ta tare shi ɗungurungum; akwai kuma mafi girma, wanda aka yarda zai haye, amma a ƙarfafa kan katangar da bayanta da gindinta don kada ta rushe nan take, mutane su sami lokacin gudu zuwa tudu. Jingar ƙasa idan ruwa ya hau ta, daga baya yake fara cinye ta, shi ya sa ake zaɓar wuri guda a rage masa tsayi da gangan, a shimfiɗa masa dutse ko kankare, rarar ruwa ta bi ta nan zuwa fadamar da ba kowa, maimakon ta zaɓar wa kanta unguwa. Madatsar Bagauda da ta ɓalle a Kano a 1988 da madatsai biyu na Derna a Libiya a 2023 sun isa su sa ki ɗauki wannan babi da muhimmanci. Jingar da za ta sa mutane su saki jiki su gina gidaje a bayanta, sannan ta fashe ba gargaɗi, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tun ran gini ran zane, saboda haka ki rubuta a cikin ƙa'idar wa zai riƙa duba jingar, sau nawa a shekara, da wane kuɗi, da kuma tsayin ruwan da idan ya kai za a yi shela a unguwanni. Game da bayanai kuma, ki nemi na Hukumar NIHSA, mai tattara bayanan ruwan kogunan Najeriya, da na hukumar raya kogin yankinku, amma kada ki tsaya a ofis. Ki ɗauki abin awo ki shiga garin da kike nazari, ki nemi layin da ruwa ya bari a bangon masallatai da makarantu da ƙafafun gada, ki zauna da dattawa da masunta su nuna miki inda ya tsaya a shekarun da suke tunawa, ki auna kowane wuri daga tsayayyen wuri guda da kika tabbatar bai nutse ba, sannan ki kwatanta da abin da ke cikin takardun.